Hoton Sama a Daren Marka

Ɗan'uwa cikin Ubangiji, duk wanda ya gwada ɗaukar hoton taurari a Bacirawa cikin watan Agusta ya san dare ba ya biya wa mutum bukata don ya matsu. Kyamara takan buɗe idonta na daƙiƙa 15 ko 20 domin ta tara ɗan hasken da ke saukowa. Idan hadari ya rufe sama, abin da take tarawa shi ne toka-toka, tare da jan hasken fitilun birnin Kano da gajimare ke maidowa ƙasa.

A nan jarraba take shigowa. Akwai manhajoji a waya da za su share gajimaren, su liƙa taurarin wani dare a gurbinsa. Hoton zai yi kyau, kuma taurarin suna can da gaske. To, ƙarya ce?

Ka auna. Gajimare bai wuce 'yan kilomitoci a bisa kanka ba, amma hasken Kaza da 'Ya'yanta yakan yi tafiyar fiye da shekara 400 kafin ya iso idonka. Hadarin dare ɗaya ba ya kashe su. Sai dai hoto shaida ne, cewa yake yi, "Ga abin da na gani." Wanda ya liƙa taurari ya faɗi gaskiya game da sama, amma ya yi ƙarya game da darensa.

Haka yake da shaidar da muke bayarwa a gaban ikkilisiya. Mai ciwo ko mai bashi yakan ji nauyin cewa samansa a rufe yake, sai ya ƙawata labarinsa. Gwauruwar da ke sauraro kuwa ta koma gida tana zaton ita kaɗai aka bari cikin duhu. Ayuba bai ɓoye kukansa ba, kuma a sura 38 Allah ya amsa masa, har ya ambaci waɗannan taurari.

Ka tuna kuma, hadarin da ya hana ka hoto shi ne yake shayar da gero da dawa. Saboda haka in an tambaye ka, ka faɗi darenka yadda yake, ka jira sama ta washe cikin bangaskiya.

Ya Ubangiji, ka tsare bakinmu daga ƙawata abin da ba mu gani ba. Amin.