Littafin Akanta Shi Ma Mudu Ne

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, wanda mutanen Makka suka sa wa suna Amintacce tun kafin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, duk manomin Dutsen Abba da ya taɓa kai masara ko dawa kasuwar Tudun Wada ya san abin da ake ce wa tauye mudu. Ya san mudun da aka bubbuge gindinsa, ya san hannun da ke tallafar tsororuwa idan ma'auni zai saya, ya kuma janye idan zai sayar. Allah Ta'ala ya saukar da sura sukutum, watau Suratul Muɗaffifina, wadda ta buɗe da narkon azaba ga masu wannan hali, kuma saboda shi aka halaka mutanen Madyana bayan sun ƙi jin gargaɗin Annabi Shu'aibu, alaihis salamu.

To, a wannan zamani akwai wani mudu wanda ya fi na kasuwa girma nesa ba kusa ba, shi ne littafin lissafin kamfani. Da shi ake auna riba da hasara, da shi mai hannun jari ke sanin ko dukiyarsa na nan, da shi mai ajiya ke amincewa da banki, da shi hukuma ke yanka haraji. Mudun kasuwa kana ganinsa da idonka, in ka ga algus ka ɗauki buhunka ka yi gaba. Shi kuwa littafin kamfani yana can a kulle cikin ofis, ba ka da abin riƙewa sai sa hannun akanta da na mai binciken lissafi. Saboda haka amanar da ke wuyansu ta fi ta ma'auni nauyi.

Ga misali. A shekarar 2006 aka gano cewa kamfanin Cadbury na Nijeriya, mai yin Bournvita da alewar TomTom waɗanda babu tireda a Zariya da ba a samunsu, ya yi shekaru yana kumbura lissafinsa, har abin ya kai kimanin Naira miliyan dubu 13. Daga cikin dabarun akwai jibga wa dillalai kayan da ba su nema ba, a rubuta an sayar, da kuma ɓoye kuɗin da aka kashe bana a tura shi lissafin baɗi, don ribar bana ta yi ƙiba a takarda. Aka sallami manajan darakta da daraktan kuɗi, kuma a 2008 hukumar kula da hannayen jari ta ci kamfanin tara, ta haɗa da masu binciken da suka sa hannu.

Wanda ya fi wannan muni shi ne na bankuna. Ranar 14 ga Agusta, 2009, Gwamnan Babban Bankin Nijeriya na lokacin, Malam Sanusi Lamiɗo Sanusi, ya tuɓe shugabannin bankuna biyar: Afribank, da Finbank, da Intercontinental, da Oceanic, da Union Bank. Littattafansu suna nuna lafiya lau, alhali kuwa basussukan da ba za su biyu ba sun cinye su ta ciki kamar yadda gara ke cin azara. Sai da aka zuba musu Naira miliyan dubu 420 don kada kuɗin masu ajiya su salwanta, a watan Oktoba kuma aka ƙara miliyan dubu 200 ga waɗansu bankunan. A laccar da ya yi a Jami'ar Bayero ta Kano a 2010, Malam Sanusi ya bayyana yadda aka riƙa ɗibar kuɗin masu ajiya ana sayen hannun jarin bankin kansa, don farashinsa ya hau. A Oktoban 2010 shugabar Oceanic, Cecilia Ibru, ta amsa laifi a gaban kotu, aka ɗaure ta wata shida, aka karɓe dukiya ta kimanin Naira miliyan dubu 190.

To, wa ya kwana a ciki? Malamin makarantar da ya kwashe kuɗin sallamarsa ya sayi hannun jari saboda ya ga riba a takarda, da ma'aikatan da aka kora dubu-dubu, da talakan ƙasa wanda da dukiyarsa aka toshe ramin. A 2011 aka karɓe lasin Afribank da Bank PHB da Spring Bank, masu hannun jarinsu suka tashi a tutar babu. Cikinsu babu wanda ya taɓa ganin littafin da aka cuce shi da shi.

Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya wuce wani mai sayar da abinci, ya tura hannunsa cikin tsibin, ya ji danshi a ƙasa, busasshe a sama. Ya tambaye shi dalilin da ya hana shi ɗora jiƙaƙƙen a sama don mutane su gani, kana ya barrantar da mai algus daga jama'arsa. Imamu Muslim ya ruwaito. Wanda ya binne mataccen bashi ƙarƙashin shafi ya ɗora ribar ƙarya a sama, shi da mai abincin nan jirgi ɗaya ya kwaso su, sai dai shi nasa tsibin na mutum dubu ne.

Kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. A cikinta an ɗora wa marubuci ya rubuta da adalci, an hana wanda bashi ke kansa ya rage kome, an kuma hana a cutar da marubuci ko mai shaida. Akanta shi ne marubucin nan, mai binciken lissafi kuwa shi ne mai shaida. Idan ya sa hannu a kan abin da ya san ƙarya ne, ya yi shaidar zur, wadda Annabi ya lasafta ta cikin mafiya girman zunubai, yana kishingiɗe ya tashi zaune yana ta maimaita ta.

Makarantar Kongo da ke nan Tudun Wada ta yaye akantoci masu yawa da suka watsu cikin bankuna da kamfanoni da ma'aikatu. Ya kai ɗan'uwa mai wannan sana'a, wata rana maigidanka zai kira ka ya ce a gyara adadin nan kaɗan, baɗi a mayar. Ka sani "an sa ni" ba ta kuɓutar da mutum a gaban Allah, domin ba a yi wa abin halitta ɗa'a cikin saɓa wa Mahalicci. Lalle ƙin yarda yana iya jawo maka rasa aiki, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai iyali. Amma ka tuna sharaɗin tuba daga haƙƙin mutane shi ne mayar musu da shi. Wanda ya tauye mudu ɗaya ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Kai da ka yaudari mutum dubu hamsin, ina za ka gan su? Sai a ranar da Annabi ya ba da labarin matsiyaci na gaskiya, wanda zai zo da salla da azumi da zakka, a yi ta ɗibar ladansa ana biyan waɗanda ya ci wa dukiya, in ya ƙare a jibga masa zunubansu.

Kada kuma wani ya ce wannan magana ta manyan Ikko ce. Ma'ajin ƙungiyar manoma, da sakataren kwamitin masallaci, da uwar adashi, duk mai riƙe da littafin kuɗin jama'a hukuncin ya hau kansa. A rubuta kome a ranar da ya faru, a karanta lissafi a bainar jama'a, kuma kada mai riƙe kuɗi ya zama shi ne mai binciken kansa.

Allah ya tsarkake dukiyarmu daga haram, ya ba mu littattafanmu a hannun dama. Amin. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.