Kula Da Yaro Mai Rauni A Makaranta: Alfarma Ce Ko Haƙƙi?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, da wuya a shiga aji a makarantun ƙasar nan, na boko ko na Islamiyya, ba a tarar da yaro ɗaya ko biyu waɗanda darasi yake wucewa ta kansu ba. Wani ba ya ganin allo sosai, wani kunnensa yana da nauyi, wani ƙafa ce ta hana shi isowa a kan kari, wani kuwa ga ido lafiyarsa ƙalau, amma baƙaƙe suna rikice masa ko fahimtarsa tana da jinkiri. Su ne a da ake kira naƙasassu, yanzu kuma ake ce musu masu buƙata ta musamman. To, idan makaranta ta keɓe wa irin wannan yaro lokaci da malami da kayan aiki fiye da sauran, shin alfarma aka yi masa wadda ake iya janyewa ran da kuɗi ya yi ƙaranci, ko kuwa haƙƙinsa aka ba shi, wanda za a tambayi jama'a a kansa gobe Ƙiyama?

Masu ganin alfarma ce suna da hujja biyu, kuma ba za a raina su ba. Ta farko, sun ce adalci shi ne a daidaita tsakanin yara. Malami ɗaya ne, aji kuwa ya cika maƙil, saboda haka duk sa'ar da aka kashe wa yaro ɗaya daga rabon sauran aka yanko ta. Ta biyu, sun ce ai shari'a kanta ta sauƙaƙa wa makaho da gurgu da majinyaci, kamar yadda ya zo a Suratun Nur da Suratul Fathi; wanda Allah Ya yi wa rangwame, don me za a wahalar da shi da karatu?

Hujja ta biyu ta fi saurin warwarewa. Sauƙin da shari'a ta yi wa mai rauni sauƙi ne a kan abin da ake nema daga gare shi. Bai taɓa abin da shi yake bin jama'a ba. Ko wanda aka ɗauke wa alƙalami gaba ɗaya saboda gushewar hankali, ciyar da shi da tufatar da shi da tsare dukiyarsa suna nan a wuyan waliyyinsa. Sa'an nan a dubi yadda sauƙin yake zuwa. Bukhari ya ruwaito cewa Imrana ɗan Husaini ya yi fama da ciwo, ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yadda zai yi salla, sai aka umurce shi ya yi a tsaye, in ya kasa a zaune, in ya kasa a kishingiɗe. Watau salla ba ta faɗi ba, siffarta ce ta sāke gwargwadon halin mai yin ta. Haka neman ilmi yake: manufa tana nan, hanya ce take sauyawa daga yaro zuwa yaro.

Amsar hujja ta farko kuwa tana cikin sababin saukar Suratu Abasa. Manzon Allah yana zance da manyan Ƙuraishawa, yana kwaɗayin musuluntarsu, sai Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makaho, ya iso yana roƙon a karantar da shi. Ga lissafin ɗan Adam, shiryuwar shugabanni ta fi yawan amfani, domin jama'a ce za ta biyo bayansu, makahon kuwa yana iya jira. Amma Allah Maɗaukakin Sarki Ya saukar da ayoyin farkon surar Yana yi wa Manzonsa tuni a kan wannan. Abin lura shi ne, wannan bawan Allah ba bara ya zo yi ba, ɗalibi ne ya zo neman darasi. Bayan haka Annabi ya riƙa girmama shi, ya sanya shi ladani tare da Bilal, ya kuma bar masa jagorancin salla a Madina a wasu tafiye-tafiyensa. Ya zo a hadisi cewa ba ya kiran sallar asuba sai an gaya masa alfijir ya keto. Ashe ke nan an ba shi muƙami, aka kuma tanadar masa wanda zai zame masa ido. Ba a ce tun da ba ya ganin alfijir ya koma gida ya zauna ba.

Magabata sun fahimci wannan darasi. Malaman tarihi sun ambata cewa Halifa Walidu ɗan Abdulmalik, wanda ya yi mulki daga shekara ta 86 zuwa ta 96 bayan Hijira, ya ba kowane makaho ɗan jagora, ya ba kowane gurgu mai yi masa hidima, daga dukiyar hukuma. Kowa aka ba shi abin da ya dace da irin rauninsa. A cikin al'umma mai irin wannan hali ne Ƙatada na Basra, wanda aka haifa makaho, ya zama jigo a tafsiri da hadisi, Imamu Shaɗibi kuma, makaho shi ma, wanda ya rasu a Alƙahira a shekara ta 590, ya zama madogarar masu ilmin ƙira'o'i har yau. Da waɗanda suka yi renonsu sun ce a bar su tun da an yi musu rangwame, da an yi asarar da ba ta misaltuwa.

Saboda haka malamai suka fassara adalci da ajiye kowane abu a muhallinsa. Uban da ya ɗinka wa 'ya'yansa riguna da awo ɗaya, babba da ƙarami, ya daidaita amma bai yi adalci ba. Likitan da ya ba dukan majinyata magani iri ɗaya ba wanda zai yabe shi. Malamin da ya rubuta darasi a allon bango ya ce kowa ya kwafa, alhali a cikin ajin akwai wanda ba ya gani, a zahiri ya daidaita, a haƙiƙa kuwa ya hana yaro guda rabonsa.

Wannan tsari na bin kowane yaro da halinsa ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A makarantar allo kowa da allonsa, kowa da inda ya tsaya. Malam yana biya wa yaro nasa karatun shi kaɗai, ba ya wanke allo sai ya riƙe, ba kuma a cewa wane ya faɗi don wane ya riga shi sauka. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu magana. Ta haka makafi da yawa suka haddace Alƙur'ani ta hanyar saurare. Tsarin aji na zamani, mai darasi ɗaya da jarrabawa ɗaya ga kowa, shi ya zo da amfaninsa ya kuma zo da wannan giɓi, har ƙasashen da suka ƙago shi suka koma suna neman cike shi. A 1975 Amurka ta kafa doka cewa duk yaro mai naƙasa a rubuta masa nasa shirin karatu, tare da iyayensa, a bayyana inda yake, da inda ake so ya kai, da irin taimakon da za a ba shi, a kuma sake duba shirin aƙalla sau ɗaya a shekara. Ingila ta yi tata dokar a 1981. A 1994 wakilan gwamnatoci 92 suka haɗu a Salamanka ta ƙasar Sifen suka amince cewa makarantun kowa da kowa su buɗe ƙofa ga irin waɗannan yara. A Nijeriya kuma, a watan Janairu na 2019 aka sa hannu a kan dokar hana nuna bambanci ga masu naƙasa, wadda ta ba su ilmi kyauta har zuwa sakandare, ta kuma wajabta wa kowace makarantar gwamnati ta samu aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar don kula da su.

Doka a takarda ba ta karantar da yaro. Gaskiya ne kuma malami ɗaya ba zai iya ɗaukar wannan kaya shi kaɗai ba, kuma ba daidai ba ne a tauye sauran yara. Amma abin da wannan yake nunawa shi ne nauyin na jama'a ne baki ɗaya, watau farilla ce ta kifaya: in wasu suka tsaya da ita an sauke wa kowa, in aka bar ta kowa ya ɗauki alhaki. Hukuma ce za ta horar da malamai, ta samar da littattafan rubutun makafi mai ɗigo shida wanda Louis Braille na Faransa ya ƙago, wanda yanzu har Alƙur'ani ake bugawa da shi, ta kuma ɗauki masu iya maganar hannu don kurame. Mawadata su tuna cewa waƙafi a wannan fanni sadaka ce mai gudana. Shugabannin Islamiyyu su tambayi kansu kurame nawa ne a unguwarsu suka balaga ba wanda ya koya musu alwala.

Akwai kuma abin da ba ya cin ko kwabo. A zaunar da mai raunin gani ko ji a sahun gaba. Malami ya fuskanci yara in yana magana, ya riƙa faɗin abin da yake rubutawa. A ƙara wa mai jinkiri lokaci a jarrabawa, ko a tambaye shi da baki. A haɗa shi da aboki mai haƙuri. A ajiye bulala a kan abin da ba laifinsa ba ne, a kuma hana yara kiransa da sunan rauninsa, domin Suratul Hujurat ta hana izgili da jifa da miyagun laƙabi. A zauna da iyaye a rubuta abin da yaro zai iya kaiwa a wannan zango, in zango ya ƙare a duba.

Iyaye su ma suna da nasu kaso. Ɓoye yaro a ƙuryar ɗaki saboda kunya, ko miƙa masa ƙoƙon bara tun yana ƙarami, duka biyu yanke masa hukunci ne kafin a gwada shi. Yaro amana ne, kuma amana ba ta raguwa don wanda aka ba ajiyarsa yana da rauni, sai ma ƙara nauyi da take yi.

Allah Ya ba shugabanni da malamai da iyaye ikon sauke wannan haƙƙi, Ya sanya albarka a cikin zuriyar Musulmi baki ɗaya, mai ƙarfinsu da mai rauninsu, amin.