Akwatin Chiang Mai da sunan da ke kansa

A birnin Chiang Mai, arewacin ƙasar Tailan, ana sayar da wasu ƙananan akwatuna na katako ko na saƙar gora, baƙaƙe wuluk masu sheƙi, waɗansu da zanen zinariya. Sheƙin nan ba na fenti ba ne. Ruwan wata bishiya ce da suke kira rak, ana tsaga ɓawonta a tara abin da ke ɗiga. Ɗanyensa kan sa fata ƙaiƙayi da kumburi, kuma ba ya ƙamewa sai cikin iska mai laima. A shafa, a jira kwanaki, a goge, a sake shafawa, har aikin ya ci makonni ko watanni.

Mutanen wurin suna kiran wannan kaya khrueang khoen, wato kayan Khoen. To, su Khoen ɗin ba fatauci ne ya kawo su ba. Da Sarki Kawila ya sake raya Chiang Mai a 1796, bayan yaƙe-yaƙe da Bama sun mai da shi kufai, sai ya shiga kwaso mutane daga ƙasashen maƙwabta don cika shi. Daga yankin Kengtung, cikin Myanmar ta yau, aka taso da su, aka zaunar da su kudu da ganuwa, wajen haikalin Nantaram. Sana'ar cikin hannuwansu ta iso.

Shin ya dace mutum ya ji daɗin kyan da tilas ta haifar? Wani zai ce shekaru fiye da 200 sun binne maganar, kuma ƙin saye ba zai cuci kowa ba sai jikokin waɗanda aka kwaso. Gaskiyarsa. Kawila ya wuce, ba ya jin zafin ƙauracewa. Mai shafa rak kuwa yana da bakuna a gida.

Amma wannan amsar ta wanke mai saye ne daga laifin jiya kawai. Na yau yana nan. Fentin masana'anta na bushewa cikin sa'o'i, ba ya kumbura hannun kowa, ga araha, kuma ana iya jera akwatinsa a kanti da sunan kayan Khoen. Mutanen da aka raba da ƙasarsu, sunan nan ne ya rage musu, sai ga shi ana cin kasuwa da shi ba tare da su ba. Mai saye da ya san haka, ya kuma matsa wa mai sana'a ya bar masa aikin wata uku a kuɗin aikin yini, ba zai ce bai da hannu ba, ko da kuwa a ranar ciniki akwatunan biyu ƙyallinsu ɗaya.