Tsohuwar Rigar Attajiri

A shekarar 1958 Warren Buffett ya sayi gida a birnin Omaha na Amurka kan dala 31,500, ya kuma ci gaba da zama a cikinsa har bayan da ya shiga sahun manyan attajiran duniya. Ingvar Kamprad, ɗan Suwidin da ya kafa kamfanin IKEA, ya shafe shekaru yana tuƙa tsohuwar Volvo, idan zai hau jirgi kuwa kujerar gama-gari yake saya. Ana yawan kafa hujja da irin waɗannan mutane domin a kunyata matashin da ya ci bashi ya ɗinka shadda, ko iyalin da suka sayar da gona saboda lefe. Hujjar tana da ƙarfi, domin kayan aro ba ya rufe katara, kuma dukiya ba ta taruwa a hannun da ke kashe fiye da abin da yake samu.

Sai dai akwai abin da masu wannan wa'azi ke tsallakewa. Tsohuwar rigar attajiri ba ɗaya take da tsohuwar rigar talaka ba. Buffett yana iya shiga kowane banki da koɗaɗɗiyar kwat, a miƙe masa, saboda sunansa ya riga shi isa. Mai neman aiki da ya je da irin wannan shiga, a bakin ƙofa maigadi zai tsayar da shi. Ashe ke nan sauƙin kai ma wani jin daɗi ne da kuɗi ke saya. Wanda ba shi da komai sai kamanni, da kamannin yake neman bashi da aure da kujera a taro. Muna kiran abin da yake yi rayuwar ƙarya, alhali mu ne ke tantance mutum da takalminsa kafin ya buɗe baki.

Haka kuma tsimi shi kaɗai ba ya zama nagarta. Kamprad ɗin nan ya yi shekaru da dama a Suwizalan, nesa da harajin ƙasarsa mai nauyi, kuma an soke shi a kan haka. Tsakanin tattali da rowa, abin dubawa shi ne inda abin da aka tsimin ya tafi. Chuck Feeney, wanda ya yi arziki da shagunan sayar da kaya marasa haraji a filayen jiragen sama, agogo mai arha yake ɗaurawa, ya kuma ƙare rayuwarsa a gidan haya a San Francisco. Kafin rasuwarsa a 2023 ya rabar da kusan dala biliyan 8 ga jami'o'i da harkokin lafiya da sauransu, da yawa daga ciki a ɓoye, har aka yi shekaru wasu da suka amfana ba su san daga hannun wa kyautar ta fito ba.