Cinikin Abinci a Filin Jirgi da Haƙƙin Matafiyi

Cinikin abinci da ƙananan kaya a filin jirgin sama ya sha bamban da na kasuwa ta fuska guda: mai saye ba ya iya juyawa ya nemi wani mai kaya. A kasuwar Tambuwal ko ta Kebbe, mutum yakan taya, mai kaya ya ce albarka, shi kuma ya matsa rumfa ta gaba, wani lokaci a kira shi a sallama masa har da gyara. Wanda ya wuce wurin bincike ya zauna jiran jirgi ba shi da wannan dama. Abin da ya tarar shi ne abin da zai saya, a kuɗin da aka faɗa masa, ko ya haƙura da yunwarsa. Daga nan tambayar addini take tasowa: shin ribar da aka samu daga mutumin da ba shi da zaɓi halal ce duk yawanta, ko tana da iyaka? Idan tana da iyaka, wa ke da alhakin tsayar da ita?

Filin jirgin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, da ke kudu da birnin Sakkwato, shi ne wanda mutanen kudancin jihar Sakkwato suka fi bi. An sa masa sunan Sarkin Musulmin da ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1988, kuma hukumar filayen jiragen sama ta tarayya, FAAN, ke kula da shi. Daga Tambuwal zuwa Sakkwato kusan kilomita 100 ne ta Shagari da Boɗinga, mutumin Kebbe kuwa tafiyarsa ta fi haka. Akwai kuma filin Sir Ahmadu Bello da ke Ambursa kusa da Birnin Kebbi, ga wanda ya bi ta Jega. Dukansu ƙananan filaye ne idan aka kwatanta da na Legas ko Abuja. Jiragen da ke sauka a rana ba su da yawa, don haka kantuna da wuraren cin abinci ba su da yawa. Abin da aka saba gani a irin waɗannan wurare shi ne ruwan gora, lemo, biskit, shayi, ɗan abinci mai zafi, sai tsaraba irin su kilishi da dabino. Lokacin aikin Hajji al'amarin yakan sauya. Alhazan ƙananan hukumomi sukan taru a sansani suna jiran jirginsu, masu abinci da masu sayar da jaka, harami, silifa da buta su kewaye wurin, jinkirin jirgi kuma yakan mayar da zaman awa uku ya zama na wuni ko na kwana.

Asalin hukunci a shari'a shi ne mai kaya yana da 'yancin sa wa kayansa kuɗi. Ciniki yana tabbata da yardar ɓangarori biyu, kuma babu wani nassi da ya ƙayyade riba da kashi kaza cikin ɗari. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Anas cewa kaya sun taɓa yin tsada a Madina, mutane suka roƙi Annabi (SAW) ya yanka musu farashi, bai yi ba, ya mayar da al'amarin ga Allah, ya kuma nuna tsoron kada ya zalunci wani a dukiyarsa. A mazhabar Malikiyya, wadda ita ake karantarwa a zaurukan ƙasar Sakkwato, zancen da ya shahara a Muhtasar na Shehu Halilu shi ne ba a warware ciniki don tsada kawai, ko da tsadar ta wuce abin da aka saba.

Mai kanti a filin jirgi yana da hujjoji na gaskiya a ƙarƙashin wannan asali, kuma adalci ne a faɗe su. Yana biyan haya da ta fi ta cikin gari. Yana ɗauko kaya daga birni, su bi ta bincike kafin su shiga. Yana biyan yaran kanti na wuni guda alhali cinikin awa biyu ko uku zai yi, lokacin da jirgi ya kusa tashi. Idan aka soke jirgi, shinkafar da ya dafa ta zama asara. Firjinsa yana cin wuta ko man janareto, ko an saya ko ba a saya ba. Duk ƙarin da ya yi don ya rufe waɗannan ya kuma samu ribar da irin sana'arsa ke bayarwa, halal ne tsarkakakke, kuma matafiyin da ya zage shi a kan haka shi ne ya yi zalunci.

Sai dai malaman da suka tabbatar da 'yancin mai kaya sun gina shi a kan kasuwa buɗaɗɗiya, inda wanda ya tsawwala zai ga masu saye sun koma wurin maƙwabcinsa. Duk inda aka toshe wa mai saye hanyar sanin farashi ko hanyar zaɓi, shari'a takan shiga tsakani. Buhari da Muslim sun ruwaito hanin taren ayari a bayan gari don a saye kayansu kafin su san farashin kasuwa. Muslim ya ruwaito cewa ɓoye abinci don ya yi tsada aikin mai saɓo ne. Malikawa kuma sun keɓe mutumin da ya miƙa wuya ga mai kaya, ya nuna bai san kuɗin abu ba, ya nemi a sayar masa yadda ake sayar wa kowa. Idan aka cuce shi, da yawa daga cikinsu sun ba shi damar mayar da kayan. Wannan siffa ta dace da tsohuwar da ta fito daga ƙauyen Kuchi ko Dogon Daji, ba ta taɓa shiga filin jirgi ba, ta kwance bakin zanenta ta miƙa takardar kuɗi tana jiran a ba ta canjin da ya dace. Ba ta taya ba, domin ta ɗauka wurin hukuma ne kuma abin da aka faɗa shi ne doka. Yardarta ba irin yardar ɗan kasuwar da ya san ciki da waje ba ce, kuma wanda ya ninka mata kuɗi don ya ga alamar ƙauye a jikinta ya ci amana, ko da cinikin ya ƙullu a zahiri.

Bayani mafi kusa da halin filin jirgi ya zo daga Ibnu Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, a littafinsa na Hisba, da almajirinsa Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, a Ɗuruƙul Hukmiyya. Sun raba yanka farashi gida biyu, na zalunci da na adalci. Sun ce idan aka taƙaita sayar da wani abu ga wasu sanannun mutane, aka hana kowa ya sayar sai su, to wajibi ne a tilasta musu sayarwa a kan ƙimar da ta dace da kayan, domin in ba haka ba an haɗa wa jama'a zalunci biyu, an hana wasu sana'a kuma an bar masu saye a hannun 'yan kaɗan. Ibnul Ƙayyim ya ƙara da cewa bayar da hayar shago a kan hanya bisa sharaɗin kada wani ya sayar sai mai hayar yana cikin mafi munin zalunci, kuma laifin yana kan mai bayarwa da mai karɓa. A filin jirgi akwai dalilin tsaro da ya sa ba a barin kowace mai fura ta shigo da ƙwaryarta, kuma wannan dalili karɓaɓɓe ne. Amma hukumar da ta rufe ƙofa don tsaro ta ɗauki wa kanta nauyin da kasuwa ke ɗauka a da. Ba ta da uzurin cewa farashi ruwan 'yan kasuwa ne, tunda ita ta zaɓi 'yan kasuwar, ita ta yanka musu hayar da suke ɗora wa matafiya. Hadisin Anas ya zo ne a kan tsadar da ƙarancin kaya ya haifar a buɗaɗɗiyar kasuwar Madina, ba a kan tsadar da rufe ƙofa ya haifar ba.

Malikawa sun ma bayyana yadda ake yin wannan aiki ba tare da an cuci kowa ba. Albaji ya kawo daga Ibnu Habib na Andalus cewa shugaba yakan tara manyan 'yan kasuwar abin da ake magana a kai, ya kawo wasu daga waje don a tabbatar da gaskiyar zancensu, ya tambaye su yadda suke saye da yadda suke sayarwa, sannan a daidaita a kan farashin da zai bar musu riba bai kuma takura wa jama'a ba. Daular Usmaniyya ta Sakkwato ta san wannan aiki, domin tana da muhtasibi mai duba mudu da sikeli da algus. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuma, a Kitabul Farƙi, ya lissafa harajin da ake ɗora wa fatake da matafiya cikin ayyukan da ya soki sarakunan zamaninsa a kansu. Yankin nan ya daɗe da sanin baƙo mai tafiya. Jega babbar kasuwar fatake ce a ƙarni na 19, a kan hanyar goro ta Gwanja, kuma a tsarin zango fatoma ne ke saukar da baƙo, ya ciyar da shi, ya tsaya masa a ciniki, mutuncinsa kuwa yana rataye da kada a cuci wanda ya sauka a gidansa.

Wasu ƙasashe sun isa ga irin wannan tsari ta hanyarsu. Filin jirgin Portland a Amurka yana sharɗanta wa masu kantuna su sayar a farashin cikin gari. Hukumar da ke kula da filayen New York ta tsaurara dokarta a 2022, ta ce kada ƙari ya wuce kashi 10 cikin ɗari a kan farashin waje. Indiya ta buɗe wurin shan shayi mai rahusa a filin Kolkata a Disamban 2024, inda ake sayar da ruwan gora da shayi a rupi 10.

Ruwa yana da hukunci na daban, kuma a nan maganar ta fi nauyi. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa mutum uku Allah ba zai yi musu magana ba ranar Alƙiyama, na farkonsu shi ne mai rarar ruwa a kan hanya da ya hana matafiyi. Wani a cikinsu ma ɗan kasuwa ne, wanda ya rantse da ƙarya a kan kuɗin kayansa. Gaskiya ne ruwan da aka tace aka zuba a gora dukiya ce da ake sayarwa, babu saɓani a kan haka. Amma tun 2006 dokar tsaro ta duniya ta taƙaita ruwan da fasinjan ƙasa da ƙasa zai wuce da shi zuwa mililita 100 a mazubi a mafi yawan filayen jirgi. Ke nan an karɓe wa mutum ruwansa a ƙofa, an shigar da shi ɗaki, a garin da zafin watan Afrilu yake haura digiri 40. Idan babu ruwan sha kyauta a cikin wannan ɗaki, kuma goran da ke kanti ya fi ƙarfin talaka, to an hana matafiyi ruwa, ko da babu mutum ɗaya da ya ce masa a'a. Mai ciwon suga da mai shan maganin hawan jini da mace mai goyo su ne suka fi jin wannan a jikinsu.

Shi ma matafiyi akwai abin da ke kansa. Aya ta 197 a Suratul Baƙara ta yi umarni da yin guzuri, kuma Buhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa ta sauka ne a kan wasu mutanen Yaman da ke zuwa Hajji hannu rabbana da sunan tawakkali, sannan su koma roƙo a Makka. Ayar da ke biye da ita ta halatta kasuwanci a lokacin Hajji, don haka masu kasa kaya a bakin sansanin alhazai ba su yi laifi ba. Alhazan da, waɗanda suka bi ta Barno da Chadi da Sudan a ƙasa, sun riƙe busasshen guzuri na watanni. Na yau ba ya buƙatar fiye da ƙuli-ƙuli, dambun nama, dabino ko soyayyar gyaɗa da za su riƙe shi wuni guda, tare da kiyaye abin da aka hana, irin goro, wanda hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, take gargaɗi a kansa kowace shekara saboda dokar Saudiyya. Wanda yake da hali ya ƙi shiri, sannan ya sayi abin marmari da tsada, ba ya cikin waɗanda ake kira matsattsu. Wanda kuwa guzurinsa ya yanke a hanya, ko da mawadaci ne a garinsu, yana cikin mutum takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta ba su rabo a zakka, kuma ciyar da shi ya hau kan waɗanda ke wurin.

A watan azumi ana yawan tambaya ko ya halatta a buɗe wurin abinci da rana a filin jirgi. Tazarar da ke sa a yi ƙasaru, a kuma sha azumi, a wurin Malikawa mil 48 ce, kimanin kilomita 80, kuma mutumin Tambuwal ko Kebbe da ya kama hanya kafin alfijir ya cika wannan sharaɗi tun kafin ya ga jirgi. Sayar wa irinsa abinci, da marar lafiya da yaro, babu laifi a ciki.

Hukuncin da ya fito daga waɗannan asali shi ne ƙarin da ya yi daidai da haya da ɗawainiya da asarar mai kanti halal ne, abin da ya haura haka don kawai mai saye ba shi da mafita cin dukiyar mutane ne ba bisa haƙƙi ba, kuma mafi girman alhaki yana kan hukumar da ta bayar da shagon. Abin da ake nema daga masu kula da filayen Sakkwato da Birnin Kebbi, da hukumomin jin daɗin alhazai na jihohin biyu, bai fi ƙarfinsu ba: a rubuta farashi a bango da Hausa, da boko da ajami, a sa iyakar ƙari cikin takardar haya, a kuma ajiye ruwan sha kyauta a bayan wurin bincike.