Shirun Tsoho Ba Lafiya Ba Ce

Akwai kalmar da ta zame mana mafaka. In dattijo ya daina gani sosai, ko gwiwa ta hana tsohuwa zuwa rijiya, sai mu ce, "Ai tsufa ne." Shi ma mai ciwon yakan faɗi haka, don kada ya nawaita wa 'ya'yansa. Shin wannan shiru nasa ya sauke mana nauyi?

Mu dubi Kongolam, a bakin iyakar Nijeriya da Nijar, cikin ƙasar Daura. Tsohon da ke fama da hawan jini ko ciwon suga yana bukatar awo da magani kowane wata har ƙarshen ransa. In abin ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti, sai Daura, wani lokaci har Katsina. Tun da aka janye tallafin man fetur a 2023, kuɗin mota kaɗai ya isa ya hana tafiyar. Ga shi kuma a ƙasarmu fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun jama'a yake fitowa.

Hukuma ta yi alkawura. A 2018 aka sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa. A 2022 dokar inshorar lafiya ta ambaci tsofaffi cikin marasa ƙarfin da za a biya wa. Haƙƙi ne mu nemi cikar waɗannan, amma ciwo ba ya jiran takarda.

Wani zai ce, in kuɗi ba su isa ba, yaro ya fi cancanta, domin gabansa na da nisa. Ba mu raina wuyar wannan zaɓi ba. Sai dai in muka auna mutum da amfanin da ya rage masa, mun mai da shi kamar sa na huɗa. Darajarsa daga Mahaliccinsa take, shekaru ba sa rage ta. Doka ta huɗu, wadda ta umarce mu da girmama iyaye, ba ta tsaya ga durƙuso da gaisuwa ba.

Da yawa daga abin da muke kira tsufa yana da magani. Yanar ido ana cire ta da ɗan gajeren aiki, mutum ya koma gani. Awon jini ba ya cin minti biyar, yana kuwa iya tsare mutum daga shanyewar ɓarin jiki.

Saboda haka kowace Ikkilisiya ta san tsofaffin unguwarta, Kirista da Musulmi. Zumuntar Mata da matasa su ziyarce su, su tambaye su inda ke ciwo, su saurari amsar, a haɗa kuɗin mota, a raka su asibiti. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Yadda 'ya'yanmu suka ga mun riƙe iyayenmu, haka za su riƙe mu.