Jingina da Mallaka

A Gidan Dare, cikin birnin Sakkwato, in mutum ya ce "gidana ne", ba kullum abu ɗaya ya ke nufi ba. Wani gado ya ci, wani saye ya yi, wani kuwa jingina aka ba shi. Ku da kuka iya karatu, ku riƙa duba wace kalma aka rubuta kafin ku sa hannu a takarda.

Mu ɗauki jingina. Sandar da aka jingina jikin bango ba ta zama bango, kome daɗewarta. Ran da mai ita ya zo sai ya ɗauki abarsa. Haka gida ko gona. Mutum ya matsu, ya karɓi kuɗi, ya jinginar. Ran da ya biya, abinsa ya komo hannunsa.

To, amma ga tambaya. In shekara 30 ta wuce, wanda ya karɓa ya yi yaɓe, ya haƙa rijiya, nan aka yanke wa 'ya'yansa cibi, shin zaman nan bai ba shi hakki ba? A ganina ya cancanci a biya shi abin da ya kashe, amma gidan ba nasa ba ne, don daɗewa ba ta sāke sunan da aka yi alkawari a kansa.

Ko mai saye ma, tun dokar ƙasa ta 1978 filayen birni suna hannun Gwamnan jiha amana. Takardar da a ke ba mutum shaidar zama ce, galibi ta shekara 99.